Ranar da Baffa Ya Kalli Fim ɗin Tsoro

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba na yi dariyar da ta nemi raba ni da ɗakina. Na riƙe lokacin ne saboda agogon kwamfutar na ƙura wa ido sa'ad da na kasa ɗaga kai in dubi Gwaggo.

Abin da ya ba ni dariyar bai taka kara ya karya ba. A cikin fim ɗin wani saurayi ne ya ji motsi a ɗakin da ke ƙarƙashin gida. Wuta ta ɗauke, abokansa duk sun ɓace ɗaya bayan ɗaya, shi kuma da yake Allah ya hore masa basira, sai ya ƙyasta ashana ƙwara ɗaya ya sauka yana tambaya ko akwai wani a ciki. Akwai kuwa. Daidai lokacin da aka fizge shi ta ƙafa na tuntsire da dariya. Iyafis na toshe a kunnuwana, don haka ban ji sallamar Gwaggo ba. Aron almakashi ta zo yi. Abin da ta tarar shi ne yarinyar da ba a jin muryarta a gidan sai wajen amsa gaisuwa, ita kaɗai a ɗakin mamaci, tana ƙyalƙyala dariya, ga wata fuska marar idanu ta cika gaban kwamfuta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Ta fita da baya da baya, kamar mai barin gaban manya. Almakashin ko kallonsa ba ta yi ba.

Gidanmu a Ƙofar Kibo yake, cikin birnin Zariya, irin gidan da in baƙo ya shiga sai an sa mai fito da shi. Zaure na bin zaure, sashe na bin sashe, kuma kowane lungu da mai shi. Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun rasuwar mijinta ta dawo gida, ta kuma ɗauki nauyin lura da tarbiyyar kowa, aikin da babu wanda ya tuna ranar da aka ba ta shi. Kafin in shiga jami'a, ɗakin 'yanmata nake kwana. In na buɗe littafi, ƙafar wata tana kan cinyata, wata tana tsifar kai a bayana, wata tana tambayata wai me aka ce a ciki da har yanzu ban gama ba. Wanda bai tashi a babban gida ba ba zai gane cewa akwai mai roƙon Allah ya ba shi wurin da zai yi shiru ba tare da an tambaye shi ko lafiya ba.

Ɗakin da na samu na kakanmu ne, marigayi. Yana tsakanin zaure na ƙarshe da cikin gida, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, da sanyi ko a bazara. Yana da ƙyauren katako mai nauyi da sakata ta ciki. Tun da tsohon ya rasu babu wanda ya yarda ya kwana a wurin. Matar wani yayanmu ta ce ta ji tari. Wata ta ce ba tari ba ne, gyaran murya ne, irin wanda yake yi kafin ya yi faɗa. Aka mayar da ɗakin ma'ajiyar tsofaffin tabarmi da manyan tukwanen biki. Da na sami gurbin karatu na nemi a ba ni shi, sai aka ba ni da sauri, da irin fara'ar mai kyautar rigar da ta yi masa kaɗan. A makon farko na gano mai tarin. Tantabaru ne suka yi sheƙa a wani rami a saman bango ta waje. Ban gaya wa kowa ba. Mahaukaci ne ke korar mai gadin da ba ya neman albashi.

A wannan ɗakin na jera littattafaina bisa tsari, don aikin laburare nake karanta, kuma ina cikin 'yan ƙalilan da suka zaɓe shi da gangan. A nan kuma nake kallon finafinaina. Wata ƙawata 'yar Wusasa, wadda muke aji ɗaya, ita ke zubo mini su a filash. Ita ba ta iya kallonsu sai ta rufe ido da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu, sai ta ba ni in kalla in gaya mata wanda ya rayu. Da rana nake kallo, ba don tsoro ba, don da rana ake kawo mana wuta. Ranar Larabar nan son shan iska ne ya sa na zare sakata na saki labule kawai. Duk mai bin tarihin masifu ya san daga ƙaramin sakaci suke farawa.

Tun da ba a tambaye ni ra'ayina a lokacin ba, bari in faɗe shi yanzu. Yawancin finafinan tsoro shirme ne, kuma ni mai son su ce nake faɗa. Masu zubar da jini bokiti-bokiti ba su san da wa suke magana ba. Wadda tun tana ƙarama ake zaunar da ita gaban baho ranar layya tana wankin hanji da tumbi, jan fenti ba zai hana ta cin abinci ba. Masu buga ƙara kwatsam don gabanka ya faɗi kuwa, ba su fi mai laɓewa bayan ƙofa ya daka maka tsawa ba. Za ka zabura, gaskiya ne, amma ko akuya in an buga mata langa tana zabura, ba a kuma ce mai langar ya iya fasaha ba. Wanda nake so shi ne fim ɗin da kusan babu abin da ke faruwa a ciki. Mace ta bar kujera a bakin taga, ta dawo ta same ta tana fuskantar bango. Shi ke nan. Babu mai bayani. Haka nake son littattafaina ma, masu labarin da ya ɗan karkace kamar hoton da aka rataya ba daidai ba. Akwai wanda na karanta har bangonsa ya fita, labarin wata mata da mutanen gidansu suka manta ko wace ce ita, amma kullum suna ajiye mata kwanon abincinta a inda aka saba. Ban taɓa karanta abin da ya fahimci babban gida kamar wannan ba, alhali marubucin bai taɓa taka Zariya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a duk gidanmu babu mai cin labarin tsoro kamar Gwaggo. Wayarta cike take da saƙonnin murya da ake turowa a guruf ɗin dangi. Bayan la'asar za ta zauna a tsakar gida ta ƙure sauti, mata su kewaye ta. Yau wata ce ta sayo nama a kasuwa, da tukunya ta tafasa nama ya kira sunanta. Gobe mai adaidaita ne ya ɗauki wata kyakkyawa ta wajen Kufena, da ta zo sauka ya ga kofato. Kowane labari da shaidarsa: ƙanwar maƙwabciyar mai maganar ce ta gani da idonta. A yi ta salati, a yi ta tafa hannu, a ce a sake kunnawa don wata tana banɗaki ba ta ji farkon ba. Wannan ba kallon tsoro ba ne, wa'azi ne. Bambancinsa da nawa ɗaya ne tak: nawa tun farko ya faɗa mini ƙarya yake yi, har ya jera sunayen maƙaryatan a ƙarshe. Nata rantsuwa yake yi. Akwai wata tsohuwa mai daddawa ta wajen Ƙofar Galadima da irin wannan labarin ya bi ta kanta, aka ce mayya ce, gidanmu ya daina sayen daddawarta, gidaje da yawa ma haka. Fim ɗina bai taɓa hana kowa ciniki ba.

Duk wannan a cikina na faɗa.

Kafin magariba labari ya gama zagaye gida, ya kuma yi ƙiba a hanya. Dariya ta zama magana da muryar namiji. Fuskar da ke cikin kwamfuta ta zama fuskar da ta juyo ta kalli Gwaggo. Mata suka haɗu suka yanke cewa na yi gamo, kuma da aka zauna aka yi nazari, sai aka ga ashe alamu sun daɗe suna bayyana. Ba na son zuwa biki. Ina jera takalma ta hanya ɗaya. Ina wanke hannu kafin in taɓa littafi. Shirun da shekara da shekaru ake yaba mini a kansa, ake cewa 'yanmata su yi koyi da ni, a yini ɗaya ya koma shaidar mai gabatar da ƙara.

Aka fara magani. Hayaƙi, na shaƙa. Rubutu, na sha. Man habbatus sauda, na shafa har littattafaina suka ɗauki ƙamshinsa. Ban yi gardama ba, don babu ɗaya daga ciki da zai cuce ni, kuma wadda ake yi wa hayaƙi ba a aikenta. Sai dai rashin gardamar ma bai yi wa Gwaggo daɗi ba. Ta ce aljanun irin masu taurin kan ne, sun iya lafewa. Da na yi kururuwa na faɗi, da an ce ga shi nan. Da ban yi ba, aka ce ga shi nan.

Sai ta kawo maganar da ta tsorata ni da gaske, abin da fim bai taɓa yi mini ba. Ta ce tushen cutar ɗakin ne. A kwashe kayana a mayar da ni ɗakin 'yanmata, a garƙame na marigayi.

Mahaifiyata ba za ta iya tsaya mini ba, don ni ce 'yar fari. Ko sunana ba ta kamawa, balle a ji ta tana kare ni a gaban dangin miji. Abin da ta iya yi shi ne ta ƙara mini nama a miya ba tare da ta dube ni ba. Mahaifina yana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako yake zuwa, kuma shi ƙani ne na kirki, wato ba shi da ra'ayi sai wanda yayyensa suka rage masa. Magana ta koma hannun Baffa, babban yayansu, mai gidan gaba ɗaya.

Baffa tsohon magatakardan kotu ne, ya yi ritaya amma kotun ba ta yi ritaya daga jikinsa ba. Ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Bai taɓa yi mini faɗa ba, don ba a yi wa uwa faɗa. Bai kuma taɓa yin doguwar magana da ni ba, don ni ba na amsawa sai da "to" da "na'am". Gwaggo ta kai masa ƙara ta zayyana komai, har da muryar namijin. Ya saurara har ta gaji, sannan ya tambaye ta:

"Ke kin kalli fim ɗin?"

"Ni? Allah ya kiyashe ni! Yaya, me zan kalla a ciki?"

"To ni ba na yanke hukunci a kan abin da ba a gabatar mini ba. A ce wa Uwata ta kawo shi ran Asabar da hantsi. Ke ma ki zo, tun da ke ce mai ƙara."

Bai ce wane fim ba, ni kuma ban ga dalilin tuna masa ba. Na zauna na yi aikin da aka koya mini a makaranta, wato tantancewa. Na cire duk mai jini. Na cire duk wanda mace ta sa abin da bai kai zani ba, wanda hakan ya kwashe fiye da rabi. Na cire masu aljanu, don kada in kawo wa Gwaggo shaida da hannuna. Na cire masu maƙabarta, don Baffa ya binne abokai da yawa. Abin da ya rage fim ɗaya ne, na wata ƙasa ta gabas mai nisa, wanda na fi ƙauna a cikinsu duka. Wata mata ce ta koma tsohon gidan mahaifinta bayan rasuwarsa don ta kintsa kayansa, ta zauna ita kaɗai, sai ta fara jin taku. Babu jini, babu dodo, kowa a suturce. Na yaba wa kaina ƙwarai. Ban lura da cewa na zaɓi labarin mace mai zama ita kaɗai a ɗakin mamaci ba. Mai tsananin lura da ƙananan abubuwa, giwa ce ke wuce shi.

Ran Asabar aka shimfiɗa tabarma a zauren ciki. Baffa ya zauna a kan buzunsa ya gyara tabarau. Na ɗora kwamfutar a kan kujerar tsakar gida, na durƙusa a gefe. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa, carbi a hannu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ƙafa ɗaya a waje saboda ko-ta-kwana. Sai a lokacin na tuna cewa yaren fim ɗin babu mai jinsa a cikinmu, fassarar Turancin da ke fitowa a ƙasa kuma ta yi wa idon Baffa ƙanƙanta. Ni zan riƙa fassarawa da baki. Ni da ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba.

"Bismillah, Uwata. Wace ce wannan?"

"'Yar mai gidan ce, Baffa. Mahaifinta ya rasu."

"Allah ya ji ƙan Musulmi. Yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"To ina masu zaman makoki?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Sun tashi ne?"

"Ba su zo ba, Baffa."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar, kamar laifin gilashin ne. Matar ta shiga gida, ta rufe ƙofa, ta murza makulli. Ta dafa ɗan abinci ta ci a tsaye.

"Mijinta fa?"

"Ba ta da shi."

"'Yan uwa?"

"Akwai ƙanwa a wani gari. Sun yi magana a waya."

"Ƙanwar ce," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Wallahi ƙanwar ce ta yi mata jifa. Gado ne. Ku dai ku zuba ido."

"Ke da kika ce ba ki kallo?"

"Ai ba kallo nake yi ba, Yaya, ji nake yi."

Aka ci gaba. Matar ta ji taku a sama, ta haura, babu kowa, ta rufe wannan ɗakin ma da makulli. Washegari ta tarar da kofin shayin mahaifinta a kan tebur, alhali ta sa shi a kwali. Wannan wurin duk sanda na kalla sai tsikar jikina ta tashi. Na saci kallon Baffa in ga ko ya kama shi.

"Uwata, tsayar da shi. Ina so in fahimci wani abu. Wancan gidan da ake hangowa ta taga, da mutane a ciki?"

"Da su, Baffa."

"Sun san tsohon ya rasu?"

"Sun sani."

"Kuma ko kwanon tuwo ɗaya ba su aiko ba? Ko a turo wani ya ce ana gaishe ta?"

"Haka al'adarsu take, ina ji."

"Wannan ba al'ada ba ce, rashin ta ne. Ci gaba."

Daga nan Baffa ya daina kallon fim ɗin da na kawo, ya koma kallon wani da ni ban taɓa gani ba. Duk inda aka shirya don gaban mutum ya faɗi, shi sai ya yi tsaki. Ya tambayi ko unguwar ba ta da mai unguwa. Ya tambayi wa ya yi wa tsohon wanka. Da matar ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa tana kuka ba sauti, sai na ji ya ce, "Kai, kai, kai," a hankali, irin yadda yake faɗa in an kawo masa labarin rasuwa.

Gwaggo kuwa tuni ƙafarta ta waje ta shigo ciki. Mayafi ya zame, carbi ya tsaya cak. Da aka ƙwanƙwasa wata ƙofa daga cikin ɗakin da babu kowa, matar ta miƙe ta nufe ta, sai Gwaggo ta dafe kafaɗata.

"Kar ki buɗe! Ke, gaya mata kar ta buɗe! Ji shashasha, ko addu'a babu!"

"Gwaggo, ba ta ji na."

"To ai sai ta buɗe, uban wa ya hana ta!"

Ta buɗe. Babu komai a ciki sai tufafin tsohon a rataye. Ta shiga, ta jawo ƙofar, aka ji makulli ya juya. Hoto ya tsaya a kan ƙofar nan a rufe, ya daɗe, sannan rubutu ya fara hawa.

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Ba za a nuna shi ba? Duk zaman nan da muka yi? Ƙanwar fa, an ƙyale ta ke nan?" Ta miƙe tana kakkaɓe zani, ranta a ɓace kamar wadda aka yi wa ƙwange a awo. Sai kuma ta tuna matsayinta a shari'ar, ta ce, "To ka dai gani da idonka, Yaya. Wannan take kallo ita kaɗai."

Baffa bai kula ta ba. Ya juyo gare ni.

"Uwata, ke me kike samu a cikin wannan?"

Na kwana biyu ina shirya amsar wannan tambayar. Na tsara ta kashi-kashi, da gabatarwa da misalai, har da maganar mai daddawa. Duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Yana ƙarewa, Baffa."

"Me ke ƙarewa?"

"Tsoron. Na san lokacin da zai fara, na san lokacin da zai tashi. In ya yi yawa in tsayar da shi in sha ruwa."

"Akwai wanda ba ya ƙarewa ne?"

Ya tsare ni da ido irin na tsohon ma'aikacin kotu. Dole na ce, "A ce in shiga ɗakin da mata suka cika in gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ko malami ya kira ni a aji."

Gwaggo ta yi salati. A ganinta wannan ya fi muryar namijin muni. Baffa dai ya gyaɗa kai, ya naɗe buzunsa, ya ce ya ji, a ba shi lokaci.

Wanda ya yi aikin kotu ya san cewa ɗage shari'a ma hukunci ne. Makonni suka yi ta wucewa. In na gaishe shi da safe sai ya ce, "Uwata, an tashi lafiya? Ya karatu?" ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Ni kuma na kasa zama na kasa tashi. Na sauke rabin littattafaina na sa a kwali don kada hukunci ya same ni ba shiri, sauran rabin na bar su a jere don kada a ce na sallama. In na shiga na sa sakata, sai in tsaya ina kallonta kamar mai sallama da ɗan uwa a tasha. Jarrabawa ta matso, na karanta shafi ɗaya sau ba adadi ban san me ke ciki ba. 'Yanmatan ɗakinmu na da suka fara yi mini albishir cewa sun gyara mini wurina, kusa da mai minshari.

Gwaggo ba ta sassauta ba a bainar jama'a. Kullum sai ta tuna wa Baffa cewa ana wasa da lafiyar yarinya. Amma wata rana da azahar ta leƙo, bayan ta duba hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Ke, wannan abin naku. Yana da na biyu?"

"Babu, Gwaggo."

"Marasa tsoron Allah. Su bar mutum a rataye." Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Ba don ina so ba ne. So nake in san iyakar abin da ke damunki."

Na ce na gode da kulawa.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na karɓi furar Baffa daga hannun mai kai masa, na ce yau ni zan kai. Na same shi a zaure da hantsi shi kaɗai. Na durƙusa, na ajiye kwanon, na gaishe shi, na kuma ƙi tashi. Ya buɗe faifan, ya juya ludayi, ya sha, ya sake sha. Na ga alamar zai iya shanye furar nan ya kwana a wurin bai ce komai ba. Sai na ce:

"Baffa, maganar ɗakin ce."

Ya ajiye ludayin.

"Uwata, ai na ɗauka ba za ki tambaya ba. Matar nan ta fim ɗinku ta hana ni sakat, har a masallaci tana faɗo mini. Ni ban ga aljani a fim ɗin nan ba, kuma ban ga aljani a jikinki ba, na gaya wa Gwaggonki ta daina ɓarnar garwashi. Abin da na gani mace ce da aka bari da makullai da yawa, babu wanda ya isa ya shigo mata ba shiri. Mu ba za mu yi miki haka ba. Ɗaki naki ne, babu mai fitar da ke. Mayar da littattafanki inda suke, ki yi ta kallonki, ki yi dariyarki a inda za mu ji. Na dai aika a kira kafinta, gobe zai zo ya cire ƙyauren. Labule ya ishe ki."